Yadda ake ɗaura akwatin tsakiya a tsohuwar Land Cruiser

Idan akwatin da ke tsakanin kujerun gaba ya karye, masu Land Cruiser 80 (1990 zuwa 1997) kan nemi wani a Kasuwar Ƙofar Ruwa. Kafin a biya, a gwada shi, kada ya tare birkin hannu ko ƙaramar giyar ƙafa huɗu. A ɗaure shi a tsofaffin ramukan noti. In sai an huda sabo, a fara leƙa ƙarƙashin motar, domin bututun mai da na birki suna wajen. Cajar USB kuwa, mai sauke wuta daga volt 12 zuwa 5, a sa mata fiyus, a jona ta layin da makulli ke kashewa, kada ta shanye batir cikin dare.