Yadda ake tatso sinadarin aidin daga ciyawar teku

Abaji, da ke kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, ta yi nisa da teku, amma lafiyar mazaunanta na buƙatar wani sinadari da ciyawar teku ke tarawa: aidin.

Bafaranshe Bernard Courtois ne ya gano shi a 1811, lokacin da ya zuba asid a kan tokar wannan ciyawa, sai wani tururi mai launin shanshanbale ya tashi.

A ɗakin gwaje-gwajen makaranta, ana ƙona busasshiyar ciyawar, a tafasa tokar, a tace kamar yadda mata ke tace ruwan toka. Daga nan a ɗiga asid da sinadarin haidurojin feroksaid, ruwan ya koma ruwan ƙasa. Da an sa sitacin rogo, sai ya rikiɗe shuɗi mai duhu. Tururin na da illa, don haka wajibi ne malami ya tsaya a kai.

Ƙarancin aidin ke haddasa maƙoƙo, ya kuma tauye ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Baligi na buƙatar maikirogiram 150 kullum, mai juna biyu 250. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sanya shi a gishirin girki, NAFDAC kuma ke sa ido.