Shin Akwai Ƙwayar Da Ke Raba Mutum Da Tabar Wiwi?

Idan uba a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu ya gano ɗansa ya kamu da shan tabar wiwi, tambayar da yakan yi wa ma'aikacin lafiya ita ce ko akwai allura ko ƙwayar da za a ba yaron ya daina. Amsar a taƙaice ita ce, har yau babu maganin da hukumomin lafiya suka amince da shi don wannan aiki. Masu wannan tambaya kuwa suna da yawa, domin binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a Nijeriya cikin shekara guda.

Sinadarin da ke bugarwa a cikin ganyen shi ne THC, wanda Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka ware a Isra'ila a 1964. Daga baya aka gano cewa ƙwaƙwalwa na da wasu kafofi masu kama da kwaɗo, kuma jiki na ƙera nasa mabuɗin da ke daidaita barci, da cin abinci, da natsuwa. THC mabuɗin aro ne. In ana zuƙa kullum, sai ƙwaƙwalwa ta rage yawan kwaɗunan. Ranar da aka daina, na aro ya tafi, na gida kuma bai isa ba.

Daga nan wahala take farawa, cikin kwana ɗaya zuwa uku: saurin fushi, rashin barci, munanan mafarkai, rashin son abinci, gumi da ciwon kai. Abin yakan tsananta a makon farko, ya lafa bayan mako biyu, ko da yake barci kan ɗauki wata guda kafin ya daidaita. Sai a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa wannan hali cikin jerin cututtuka. Malamin da ya ga ɗalibi ya zama mafaɗaci a irin waɗannan kwanaki, kada ya yi saurin cewa rashin kunya ce. Mai yiwuwa ƙoƙarin dainawa yake yi.

Masana ba su zauna ba. A 2011 an gwada dronabinol, wato THC na ƙwaya, a Amurka: ya sassauta wahalar, amma bai hana komawa ga shan ba. N-acetylcysteine ya taimaki matasa a gwajin 2012, sai dai da aka maimaita da manya a 2017 bai yi tasiri ba. A Ostareliya, feshin baki na nabiximols ya rage yawan kwanakin sha a gwajin 2019, amma wannan ba magani ba ne da za a samu a kantunanmu.

To, me ya rage? Abin da ya fi nuna amfani shi ne zama da ƙwararre a kai a kai, yana koya wa mai shan yadda zai kauce wa majalisa da lokutan da ke ja masa sha'awa. Likita na iya ba da maganin barci na 'yan kwanaki kawai. A nan ne haɗarin yake: wanda ya je kemis ya sayi diazepam ko tramadol da kansa, ya gudu ne daga ƙaramar sarƙa ya faɗa babba, domin yanke diazepam farat ɗaya bayan an saba da shi na iya jawo farfaɗiya. Ɗauri da mari kuwa ba magani ba ne. A 2019 'yan sanda suka kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga irin gidajen nan a Kaduna da Katsina.

Wanda ya fara jin muryoyi, ko zargin ana binsa, ko maganar kashe kansa, kada a jira mako biyun nan. A kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, inda in ta kama za a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato.