Ƙullin Ruwa A Bayan Tumbi: Ba Kowane Ciwon Ciki Ne Olsa Ba

'Yan'uwa, a yawon gaida marasa lafiya na tarar da wani magidanci mai aikin lodi a Sharada. Buhu ya danne masa ciki, ya yi jinya, ya koma aiki. Bayan wata ɗaya sai ciwo ya dawo, ga kumburi a saman cibiya. Ya yi ta shan maganin olsa a banza. Sai da aka yi masa hoton ciki aka ga ƙullin ruwa a jikin fankiriyas.

Fankiriyas wata tsoka ce a bayan tumbi. Ita ke fitar da ruwan narkar da abinci, da insulin mai daidaita sukari a jini. Idan ta kumbura ko ta ji rauni, ruwan nan yakan yoyo ya taru waje ɗaya. Bayan kamar mako 4 jiki yakan kewaye shi da tabo, ya zama jaka. Wannan ƙulli ba ciwon daji ba ne.

Abubuwa uku suka fi jawo shi: yawan shan giya ko burukutu, tsakuwa a matsarmama, da bugu a ciki. Don haka ma'aikatan majemun Challawa da masana'antun Bompai da Sharada, masu hulɗa da inji da kaya masu nauyi, su lura.

Alamunsa su ne ciwo a saman ciki mai ratsawa zuwa baya, ƙoshi daga loma kaɗan, amai, da rama. Wani lokaci idanu kan yi rawaya kamar na shawara.

Da yawa daga cikin ƙananan ƙullin sukan bushe da kansu, likita yana bi da hoto. A da, in ya wuce santimita 6 ya kuma haura mako 6, sai tiyata. Yanzu likitoci sun fi duba wahalar da yake ba mutum. In ta kama, sukan buɗe ƙofa tsakanin jakar da tumbi don ruwan ya tsiyaye, ko ta tiyata, ko ta bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki. Akwai likitocin tiyata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala.

Kada a kai wa wanzami ya yi sakiya ko ƙaho. Jakar tana iya yin ruwa, ko ta fashe, ko ta zubar da jini a ciki. Zazzaɓi, aman jini ko jiri na nufin a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Wanda ya warke ya rabu da giya da taba, ya rage maiƙo. Mu kuma sauran, in ɗan'uwa yana jinkiri saboda kuɗin hoto, mu haɗa masa. Jinkirin ya fi hoton tsada.