Zomon Da Bai Ce Uffan Ba

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ku yi mini afuwa. Wani ɗan littafin yara ne mai hotuna ya kunyata ni, ni da nake taƙama da rubuta littafi mai kashi uku.

Mijin Yayata ne ya sayo wa 'yarsu shi a Abuja. Da na je musu kwana biyu sai yarinyar ta maƙale mini, wai lallai Anti sai ta karanta mata da Hausa. Sunansa The Rabbit Listened, wato zomo ya saurara. Wata Ba'amurkiya ce, Cori Doerrfeld, ta rubuta shi, ita ce kuma ta zana hotunan, ya fito a shekarar 2018. Rubutun cikinsa gaba ɗaya bai kai shafi biyu na littafina ba.

Labarin wani yaro ne mai suna Taylor, ko da yake marubuciyar ba ta nuna mace ce ko namiji ba, ni ce dai na ce yaro. Ya jera 'yan katakon wasa ya tada gini mai kyau, yana cikin murna sai ga tsuntsaye sun yo ayari sun watsa masa shi. Nan fa dabbobi suka shiga zuwa jaje. Kaza ta zo da surutunta, ita sai an zauna an yi zancen. Giwa ta ce a tuno yadda ginin yake a mayar da shi. Kura ta so a mai da abin dariya, jimina ta so a ɓuya kamar ba a yi ba, shi kuwa maciji shawararsa a je a rushe na wani a huce. Duk wanda yaron ya ƙi tasa sai ya juya ya kama gabansa. Can sai ga zomo ya lallaɓo ya raɓa jikinsa ya zauna, bai ce uffan ba. Da yaron ya ga dama don kansa sai ya yi zancen, ya yi ihun, ya yi dariyar, har da ƙulla ramuwa, zomo na ji. Daga ƙarshe shi da bakinsa ya ce zai sake gini.

Mu da muka tashi da tatsuniya mun san zomo da wayo, ban taɓa lura da cewa ya fi kowa kunne ba.

Ina rufe littafin yarinyar ta ce, "Anti, ke wace ce a ciki?" Na yi dariyar yaƙe, domin kuwa wallahi na san amsa. Ni ce kazar.

Wata biyu kafin nan aminiyata tun ta makaranta ta haihu, haihuwar fari, kwana biyar jaririyar ta koma. Na je gidan na tarar ɗaki cike. Wannan ta ce ai ke yarinya ce, wani na tafe. Waccan ta ja ta gefe tana mata raɗa wai ta bincika, wannan ba banza ba, ga uwargida a gidan. Ni kuma, marubuciya, na zauna a bakin gado na kwashe fiye da awa guda ina zuba, har da ba ta labarin wata a littafina da ta rasa uku ta kuma samu biyar. Ita dai kanta na ƙasa tana cewa na gode. Na fito ina jin na yi abin kirki. Tun daga ranar ko na kira wayarta sai ta ce tana barci.

Ba ina cewa a daina faɗin sai haƙuri ba, ai ta'aziyya sunna ce, kuma addu'a ba ta faɗuwa ƙasa. Abin da ya dame ni shi ne duk zubar da na yi, kaina nake rarrashi, don shirun ɗakin ne ya fi ƙarfina. Daga baya na karanta cewa ita marubuciyar ma abin da ya sa ta yi littafin, wasu ƙawayenta ne suka rasa 'ya'yansu, ta ga yadda mutane ke rasa yadda za su yi da mai baƙin ciki. Ashe ciwon ba namu ne mu kaɗai ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar na koma gidan. Na same ta a tsakar gida tana tsintar wake, muka gaisa, na jawo kujera 'yar tsuguno na sa hannu a faifan. Kai jama'a, shiru da wuya! Sau uku magana na zuwa mini baki ina haɗiye ta. Har muka gama waken aka fara haramar magariba, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Kin san har kayan suna na ɗinka mata?"

Na girgiza kai. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana jawo akwati daga ƙarƙashin gado.