Ranar da waya ta yi shiru, oba-oba ce ke magana

A ranar 26 ga Disamba 2004, lokacin da girgizar ƙasa da igiyar tsunami suka afka wa tsibiran Andaman na Indiya, layukan waya sun katse, wuta ta ɗauke. Sai aka yi dace akwai wasu masu sha'awar rediyo a garin Port Blair ƙarƙashin jagorancin wata mata, Bharathi Prasad. Sun je ne don gaisawa da takwarorinsu na duniya ta iska. Nan take suka koma isar da saƙonni tsakanin tsibiran da sauran Indiya: wane na raye, wuri kaza na buƙatar magani.

Me ya sa na'urarsu ta yi aiki? Kamar yadda nake faɗa wa ɗalibaina a ajin kimiyya, wayar salula ba ta magana da 'yar'uwarta kai tsaye, sai ta bi ta turken sadarwa. Turke ya faɗi, shi ke nan, waya ta zama tocila. Rediyo kuwa batir da eriya kawai take nema. 'Yar ƙaramar ta hannu, wadda muke kira oba-oba, tana kai 'yan kilomitoci. Ta gajeren zango kuma, mai aiki tsakanin megahaz 3 zuwa 30, saƙonta na dukan wani sashe na sararin sama ya dawo ƙasa, har ya tsallake teku.

Sojoji ma sun san darajarta. Tun 1925 rundunar sojan Amurka ke da tsarin haɗa kai da fararen hula masu lasisin rediyo, wanda yau ake kira MARS.

Mu a Ghana mun ɗanɗana. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, harkoki suka tsaya cik. Ina ga ranar da ambaliya ta haɗu da katsewar layi?

Sai dai a kula: sayen oba-oba a kasuwa ba izini ba ne. Hukumar NCA ce ke ba da lasisi, kuma shiga zangon jami'an tsaro laifi ne.

Shawarata ita ce makarantunmu na zango su kafa ƙungiyoyin koyon rediyo, matasa su nemi lasisi, a san su a ofishin NADMO tun kafin ruwa ya zo. Da tsohuwar zuma ake magani.