Stinger

Stinger wani haɗin barasa ne da ya samo asali a ƙasar Amurka, wanda ake yi da abubuwa biyu kacal: burandi da farar crème de menthe, wato barasa mai zaƙi da ƙamshin na'a-na'a. A al'adance bayan cin abincin dare ake shan sa. Ƙungiyar masu haɗa barasa ta duniya, IBA, ta sanya shi cikin jerin tsofaffin haɗe-haɗen da ta amince da su.

Tarihi

Stinger ya bayyana a rubuce cikin littafin Drinks na Jacques Straub a shekarar 1914. Ya yi tashe tsakanin attajiran birnin New York, har ana danganta shi da hamshaƙin mai kuɗi Reginald Vanderbilt. Lokacin da aka haramta sayar da barasa a Amurka, daga 1920 zuwa 1933, ya ƙara samun karɓuwa, domin na'a-na'a tana ɓoye ɗanɗanon barasar fasa-ƙwauri marar kyau. An kuma nuna shi a fim ɗin High Society na 1956.

Yadda ake haɗa shi

Ma'aunin IBA shi ne mililita 50 na cognac, wato burandin da ake tacewa daga ruwan inabi a yankin Cognac na Faransa, da mililita 20 na farar crème de menthe. Ana zuba su a kofin haɗi tare da ƙanƙara, a gauraya da cokali har su yi sanyi, sannan a tace a kofin gilashin da aka riga aka sanyaya. Wasu kan ɗora ganyen na'a-na'a a kai.

Sirrin haɗin yana ga ma'auni. Idan crème de menthe ta yi yawa, zaƙinta yakan danne ƙamshin burandi baki ɗaya. Ana zaɓar fara maimakon koriya ne don kada launin ya gurɓace. Idan aka musanya burandi da vodka, sunansa ya koma Vodka Stinger.

Ƙarfinsa

Ba a sirka Stinger da lemo ko ruwan 'ya'yan itace. Cognac na ɗauke da aƙalla kashi 40 cikin ɗari na sinadarin da ke sa maye, don haka kafin ƙanƙara ta narke, kusan kashi ɗaya bisa uku na haɗin wannan sinadari ne. Zaƙi da sanyin na'a-na'a kan rufe wannan ƙarfi, sai mai sha ya bugu bai ankara ba.