Mantuwa Da Bita: Abin Da Bincike Ya Nuna Wa Malaman Makaranta

Mantuwa na cikin abubuwan farko da masana halayyar koyo suka auna da alƙaluma. Bajamushe Hermann Ebbinghaus ne ya share fagen, ya wallafa bincikensa a shekarar 1885. Ya tsara gaɓoɓi marasa ma'ana, don kada tsohon sani ya taimake shi, ya haddace su jeri-jeri. Bayan wani lokaci sai ya sake haddace su, yana lissafa sauƙin lokacin da ya samu a karo na biyu. Da wannan sauƙin ya auna abin da ya saura a ƙwaƙwalwa.

Bayan minti 20, abin da ya saura ya kai kusan kashi 58 cikin 100. Bayan awa ɗaya ya koma kashi 44, bayan kwana ɗaya kusan kashi 34, bayan wata guda kusan kashi 21. Wato mafi yawan asarar a sa'o'in farko take aukuwa, daga nan ta lafa. Raunin binciken shi ne a kansa kaɗai ya yi gwajin, amma a 2015 Jaap Murre da Joeri Dros sun maimaita shi a ƙasar Holan, suka sami sakamako mai kama da nasa.

To, wace irin bita ce ke rage wannan asara? A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta karanta shi a zama huɗu. Wasu kuma zama ɗaya suka yi, sannan sau uku aka sa su rubuta abin da suka tuna ba tare da duba takarda ba. Da aka jarraba su bayan minti 5, masu maimaita karatu ne kan gaba. Bayan mako guda kuwa reshe ya juye da mujiya: masu tunowa da ka sun riƙe kashi 61, masu maimaita karatu kashi 40, alhali su ne suka fi tabbacin ba za su manta ba. Makarantun allo sun daɗe da sanin wannan a aikace, shi ya sa mai hadda ba ya wasa da tilawa.

Malami na iya gwada wannan a ajinsa. Zai raba ɗalibai gida biyu ta hanyar ƙuri'a, domin idan da hannu ya zaɓa, haziƙai na iya taruwa a gefe guda. Duka su ɗauki darasi ɗaya. Rukunin farko su sake karanta littafi, na biyu su rufe littafi su amsa gajerun tambayoyi na tsawon lokaci iri ɗaya. Bayan mako guda a yi musu jarrabawa guda, a kwatanta maki.

Wajen kwatancen akwai buƙatar lura. A ce yara biyar sun ci 20, 25, 30, 35 da 90. Jimillar 200 ce, matsakaicin maki 40, amma huɗu daga cikinsu ba su kai 40 ba, yaro ɗaya ne ya ja lissafin sama. Idan aka jera makin daga ƙarami zuwa babba aka ɗauki na tsakiya, wato 30, shi ya fi nuna halin da yaran ke ciki. Haka kuma tazarar maki ɗaya ko biyu a ƙaramin aji na iya zama dace kawai, sai an maimaita gwajin a wasu darussa kafin a yanke hukunci.

Abin da bincike ya tsayar shi ne, bitar da aka fara da wuri, aka rarraba cikin kwanaki, aka kuma gina ta kan tambaya da amsa, ta fi karatun daren jarrabawa ɗorewa.